Yadda Na'ura Take Rubuta Lamba da 0 da 1

A kasuwar Wadata, cikin birnin Yamai, in yaro ya tambayi mai ƙosai kuɗin ƙosanta, sai ta ce masa dala ashirin. Yaro ya sa hannu aljihu, ya fiddo kuɗin ƙarfe guda, ya miƙa mata. A jikin kuɗin kuwa ba 20 aka rubuta ba, 100 aka rubuta. Amma ba wanda ya cuci wani. Dala ɗaya faran biyar ce ta kuɗin sefa, saboda haka dala ashirin da faran ɗari abu guda ne. Baki ya faɗa ta wata hanya, ƙarfe ya rubuta ta wata hanya.

Ashe adadi daban ne, yadda ake rubuta shi kuma daban. Awaki goma sha uku suna nan goma sha uku, ko an rubuta 13, ko an rubuta XIII irin na Rumawa, ko an ja layi goma sha uku a ƙasa da tsinke.

Cikin wannan kasuwa akwai ƴan tireda masu ƙaramar na'urar lissafi. Akwai masu sayar da salula. Akwai masu buga takardu da kwamfuta, wadda ake ce wa ordinateur da Faransanci. Duk waɗannan na'urori suna da tasu hanyar rubuta adadi. In mutum ya danna 13, na'ura ba 13 take ajiyewa cikin cikinta ba. Abin da take ajiyewa shi ne 1101. Ita alama biyu kaɗai ta sani, 0 da 1. Ana ce wa wannan ƙidaya mai alama biyu, da Faransanci kuma système binaire.

Gidajen lamba

Kafin a gane ƙidayar na'ura, sai an sake duba wadda ake koya a aji.

Ga lamba 227. Ita ce ake fara dannawa in za a kira Nijar ta waya daga wata ƙasa. A cikinta akwai 2 har sau biyu, amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Na farko yana zaune a gidan ɗari-ɗari, shi ɗari biyu ne. Na biyu yana gidan goma-goma, shi ashirin ne. Sai 7 a gidan ɗai-ɗai. Watau gida shi ke ba alama daraja. Kowane gida ya fi maƙwabcinsa na dama sau goma: 1, 10, 100, 1000.

Alamun da ake sawa cikin gidajen nan guda goma ne, daga 0 zuwa 9. In an kai 9 alamu sun ƙare. Sai a koma 0, a sa 1 a gida na gaba, a sami 10. Sifiri kuwa aikinsa tsaron gida ne: yana nuna cewa ba kome a nan. Ba don shi ba da ba a bambanta 27 da 207 ba.

Wannan tsari daga ƙasar Indiya ya fito. Wajen shekara ta 825 wani masani a Bagadaza, Alkawarizmi, ya rubuta littafi a kansa, daga nan ya bazu. Kalmar sifiri ma ta Larabci ce, ma'anarta wofi. Daga gare ta Faransanci ya samo kalmomi biyu da ɗalibai ke ji kullum, zéro da chiffre.

To, me zai faru in alamun ba goma ba ne, biyu ne tak?

Buhunan mai hatsi

A ɗauka akwai wani mai sayar da hatsi a Wadata. Ranar Juma'a ce, zai tafi masallaci. Ga shi kuwa yana jiran wani mai saye da ya yi alkawarin zuwa, amma bai faɗi tiya nawa zai saya ba. Ya dai ce ba zai wuce tiya talatin ba. Mai hatsi zai bar ɗiyarsa ta tsare masa rumfa, ita kuwa ƙarama ce, ba ta iya awo ba tukuna.

Sai ya yi dabara. Ya auna hatsi ya ƙulle cikin buhu biyar. Na farko tiya 1, na biyu tiya 2, na uku tiya 4, na huɗu tiya 8, na biyar tiya 16. Ya jera su, babba a hagu, ƙarami a dama. Ya ce mata kada ta kwance ko ɗaya.

— Baba, in ya ce tiya goma sha uku fa? Ai ba buhun sha uku a nan.

— Ɗiyata, fara da babban buhu. Sha shida ya fi sha uku ko bai fi ba?

— Ya fi.

— To, bar shi. Takwas fa?

— Bai fi ba. Sai in ba shi. Saura biyar.

— Ci gaba.

— Huɗu, in ba shi, saura ɗaya. Biyu ya yi yawa, in bar shi. Ɗaya, in ba shi. Baba, ya cika!

— Madalla. Ko nawa ya ce, haka za ki yi.

Yanzu a rubuta abin da yarinyar nan ta yi. Ƙarƙashin buhun da ta bayar a sa 1. Ƙarƙashin wanda ta bari a sa 0.

16 — 0
8 — 1
4 — 1
2 — 0
1 — 1

In aka jera su daga babba zuwa ƙarami, sai a sami 01101. Sifirin hagu ba ya ƙara kome, ana iya cire shi, saura 1101. Wannan ita ce goma sha uku a rubutun na'ura. Buhunan su ne gidajen lamba. A ƙidayar aji kowane gida ya fi na damansa sau goma. A nan kuwa sau biyu: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, har illa ma sha Allahu.

A kula da karatunta. Ba a cewa dubu da ɗari da ɗaya. Sai dai a ce ɗaya, ɗaya, sifiri, ɗaya. Nan ne ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe: su ga 10 su ce goma, alhali kuwa a wannan ƙidaya 10 biyu ce, watau an ba da buhun tiya biyu, an bar na tiya ɗaya.

Dabarar mai hatsi ba sa'a ba ce. Duk buhun da aka ɗauka, ya fi jimlar ƙananansa da tiya ɗaya daidai. 1 da 2 sun yi 3, buhu na gaba 4 ne. 1 da 2 da 4 sun yi 7, na gaba 8 ne. Duka huɗun sun yi 15, na gaba 16 ne. Inda ƙarfin ƙananan buhuna ya ƙare, nan babba ya fara. Saboda haka daga tiya 1 har zuwa 31 ba adadin da za a rasa, ba kuma adadin da za a iya bayarwa ta hanya biyu. Da ya ƙulla 1, 2, 3, 4, 5, da abin ya tsaya a 15, kuma da tiya biyar kaɗai tana da hanya uku: buhun 5, ko 4 da 1, ko 3 da 2. Wannan ɓarnar buhu ce.

Ga yadda ƙidayar take farawa:

0 = 0
1 = 1
2 = 10
3 = 11
4 = 100
5 = 101
6 = 110
7 = 111
8 = 1000
9 = 1001
10 = 1010

Mai lura zai ga abu biyu. Duk adadin da ke rabuwa biyu daidai, da 0 yake ƙarewa. Kuma in aka ƙara 0 a dama, adadi ya ninku: 11 uku ce, 110 shida, 1100 goma sha biyu. Daidai yadda ƙarin sifiri ke mai da 3 ta zama 30 a ƙidayar aji.

Ana iya gwada wannan da yatsu. Babban yatsa ya zama 1, manuni 2, na tsakiya 4, na kusa da ƙarami 8, ƙaramin yatsa 16. Yatsan da aka miƙe 1 ne, wanda aka lanƙwashe 0 ne. Da hannu ɗaya za a ƙirga har 31, da hannu biyu har 1023. Sai dai a yi hattara da 31. Ita yatsu biyar ne a buɗe, in aka nuna wa mutum ita a fuska zai ɗauka daƙuwa aka yi masa.

Hanyar rabawa

In adadi yana da girma, akwai wata hanya da ba ta bukatar jera buhuna. A raba adadin biyu, a rubuta saura. A sake raba abin da aka samu, a rubuta saura. Haka har a kai sifiri. Ga 227:

227 raba 2 = 113, saura 1
113 raba 2 = 56, saura 1
56 raba 2 = 28, saura 0
28 raba 2 = 14, saura 0
14 raba 2 = 7, saura 0
7 raba 2 = 3, saura 1
3 raba 2 = 1, saura 1
1 raba 2 = 0, saura 1

Sai a karanta sauran daga ƙasa zuwa sama: 11100011. A gwada a gani: 128 da 64 da 32 sun yi 224, a ƙara 2 da 1, ga 227.

Don me ake karantawa daga ƙasa? Domin saura na farko yana magana ne a kan ƙaramin buhu. Duk sauran buhunan suna rabuwa biyu daidai, na tiya ɗaya ne kaɗai ba ya rabuwa. In an raba 227 aka ga saura ɗaya, to tilas buhun tiya ɗaya yana cikin kayan. Rabawa ta biyu tana faɗin labarin buhun tiya biyu, ta uku na tiya huɗu. Ta ƙarshe ce ke faɗin na babba, shi kuwa babba a hagu yake zama.

Tarawa

Tarawa a wannan ƙidaya ba wuya. 0 da 0 sun yi 0. 0 da 1 sun yi 1. 1 da 1 sun yi biyu, amma babu alamar 2, sai a rubuta 0 a riƙe 1 zuwa gida na gaba. Abin da mai hatsi zai yi ke nan in ya sami buhun tiya huɗu guda biyu: ya juye su cikin buhun takwas.

Ga 13 a tara da 6, watau 1101 da 0110. A fara daga dama. 1 da 0, a rubuta 1. 0 da 1, a rubuta 1. 1 da 1, a rubuta 0 a riƙe 1. 1 da 0 da wanda aka riƙe, a rubuta 0 a riƙe 1. Wanda aka riƙe ya sauka shi kaɗai a sabon gida. An sami 10011, watau 16 da 2 da 1. Goma sha tara ke nan, lissafi ya yi daidai.

Ninkawa ta fi haka sauƙi. Ɗalibin da ya sha wahalar haddar bakwai sau takwas zai yi kishin na'ura, don ita haddarta layi huɗu ce: 0 sau 0, 0 sau 1, 1 sau 0, duk sifiri ne, 1 sau 1 kuma ɗaya. Amma sauƙin nan yana da farashi, shi ne tsawo. Shekarar da Nijar ta sami ƴancin kanta, 1960, gida huɗu ta ci a allo. A rubutun na'ura gida goma sha ɗaya take ci: 11110101000. Mutum zai gaji, idonsa ya yi ta rikita 0 da 1. Na'ura ba ta gajiya.

Don me alama biyu?

Cikin na'ura ba alli, ba tawada. Wutar lantarki ce kawai ke bi ta ƙananan hanyoyi. To, da me za a yi alamu?

A ɗauka yaro yana tsaye bakin tashar motar Wadata da dare, lokacin hazo. Abokinsa yana can nesa da fitila, yana so ya aiko masa da lamba. In suka shirya cewa haske kaɗan 1 ne, wanda ya ɗara shi 2 ne, haka har 9, ba za su jima ba za su yi gardama. Hazo zai rage hasken, batir zai yi sanyi, 7 ta koma kamar 6. Amma in suka ce fitila a kunne 1 ce, a kashe 0 ce, ko hazo ya yi yawa da wuya a yi kuskure.

Haka abin yake ga lantarki. Ƙarfinsa yakan ɗan hau, yakan ɗan sauka. Rarrabe mataki goma yana da wuya, rarrabe akwai da babu yana da sauƙi. Saboda haka aka cika na'ura da makunnai, kowane makunni gida ɗaya ne na lamba. A 1941 wani Bajamushe, Konrad Zuse, ya haɗa na'urar lissafi a birnin Berlin da makunnai fiye da dubu biyu, irin waɗanda ake sawa a gidan waya, tana aiki da 0 da 1. A 1947 aka ƙirƙiro taransisto a Amurka, watau makunni marar motsi, wanda wuta ce da kanta ke kunna shi ta kashe shi. An yi ta ƙanƙanta shi, har ya zama salula ɗaya mai kyau tana ɗauke da taransisto fiye da miliyan dubu, a fili da bai wuce farcen yatsa ba.

Zane a kan rairayi

Tsara abubuwa da alama biyu ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin masu bugun ƙasa. Mai bugun ƙasa yakan baza rairayi, ya ɗiga ɗigo a jere da yatsa ba tare da ya ƙirga ba. Sa'an nan ya bi su bibbiyu yana sharewa, har ya rage ɗigo ɗaya ko biyu. Ya yi haka sau huɗu, ya jera abin da ya rage daga sama zuwa ƙasa, ya sami siffa guda. Layi huɗu ne, kowane layi iri biyu, saboda haka siffofin ba su wuce 2 sau 2 sau 2 sau 2 ba, watau 16. Masu duban Ifa a ƙasar Yarbawa su kuma alama takwas suke jerawa, siffofinsu 256 ne.

Malaman addini sun yi hani da duba, wannan darasi kuma ba ruwansa da shi. Abin lura kawai shi ne ƙirgar. Sharewa bibbiyu a ga saura, ita ce hanyar rabawa da aka yi wa 227. Siffa 16 kuma su ne adadin lambobin da gida huɗu ke iya ɗauka, daga 0000 zuwa 1111. Amma gaskiya sai a faɗe ta: masu bugun ƙasa ba su ba layukan nan darajar 1, 2, 4, 8 ba, ba su kuma yi ciniki da su ba.

Wanda ya fi shahara da bayyana ƙidayar a matsayin lissafi shi ne Leibniz, masani Bajamushe da aka haifa a 1646, ya rasu a 1716. A 1703 ya aika wa majalisar masana kimiyya ta birnin Paris da takarda, da Faransanci ya rubuta ta, sunanta Explication de l'arithmétique binaire. A ciki ya nuna tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da 0 da 1 kaɗai. Ya kuma yi mamakin wasu tsofaffin zane-zane 64 na ƙasar Sin, kowanne layi shida, layi ko dai cikakke ko tsinkakke. Bayan haka aka yi shekara fiye da ɗari biyu abin yana kwance cikin littattafai. Sai a 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Amurka, Claude Shannon, ya nuna a rubuce yadda za a haɗa makunnan lantarki su yi irin wannan lissafi.

In gida ya ƙare

Gida ɗaya na wannan ƙidaya sunansa bit. Na'ura takan haɗa su takwas-takwas, rukunin takwas kuwa da Faransanci ana ce masa octet. Oktet ɗaya yana da siffa 256, yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Lambar Nijar, 11100011, ta shiga oktet ɗaya cif. Mega da jiga da ake saye a sa wa salula, oktet ne ake ƙirgawa: mega wajen miliyan ɗaya, jiga wajen miliyan dubu. In kuma aka duba katunan ajiya da ke rataye a rumfunan masu salula, za a ga jiga 8, 16, 32, 64, 128. Buhunan mai hatsi ne suka sake fitowa.

Ga inda na'ura ta bambanta da allo. A allo in lamba ta yi tsawo sai a matsa gefe a ci gaba da rubutu. Na'ura kuwa gidajenta ƙidayayyu ne, an yanka mata su tun farko. Direbobin tasha sun san wannan. Tsohuwar mota mai agogon kilomita na gida biyar, in ta kai 99 999 ta ƙara kilomita ɗaya, sai agogon ya koma 00 000, kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Haka oktet yake. 255 ita ce 11111111. In aka ƙara 1, amsa ita ce 100000000, gida tara. Gida na tara kuwa babu shi. Sai 1 ɗin ta faɗi, a bar 00000000. Na'ura ta ce 255 da 1 sun yi sifiri.

Shi ya sa ake haɗa oktet biyu, ko huɗu, ko takwas, don manyan lambobi. Oktet biyu gida 16 ne, siffa 65 536. In ana bukatar lambobin ƙasa da sifiri, kamar na bashi, sai a raba siffofin kashi biyu, a ba su rabi. Sa'an nan babbar lambar da gida 16 ke iya ɗauka ta zama 32 767.

Wannan ba wasa ba ne. Ranar 4 ga watan Yuni 1996, a Kuru, cikin Giyanar Faransa a Amurka ta Kudu, Turawa suka harba sabuwar rokarsu, Ariane 5, karo na farko. Tana ɗauke da tauraron ɗan'adam huɗu. Cikin na'urar da ke nuna mata hanya akwai wata lamba da ta shafi gudunta na gefe, an tanadar mata gida 16. Tsarin an ɗauko shi ne daga tsohuwar roka, Ariane 4, wadda lambarta ba ta taɓa cika gidajen ba. Sabuwar kuwa ta fi gudu. Lamba ta wuce 32 767, ta rasa gidan shiga, na'ura ta tsaya. Akwai na'ura ta biyu da aka ajiye don ko-ta-kwana, amma tsarinsu ɗaya, ita ma ta tsaya saboda dalili guda. Roka ta karkace, ta tarwatse a sama wajen daƙiƙa 40 bayan tashinta. Ba mutum a ciki, amma aikin shekaru ya ƙone.

Lambar harafin ƙ

Tun da na'ura lamba kaɗai ta sani, haruffa ma sai an ba su lamba. Cikin shekarun 1960 aka shirya wani jeri a Amurka mai suna ASCII, mai gida bakwai, watau wuri 128. A cikinsa babban A shi ne 65, watau 1000001. Ƙaramin k shi ne 107, watau 1101011. Wuri 128 ya ishi Ingilishi. Bai ishi Faransanci ba, don ba é a ciki, balle Hausa.

A 1991 aka fito da babban kundi mai suna Unicode, don kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa. A cikinsa ƙ tana da 409, ƴ tana da 436, ɓ tana da 595, ɗ tana da 599. Duk sun wuce 255. Ga ƙ a rubutun na'ura: 110011001, gida tara. Ba ta shiga oktet ɗaya.

Ana ganin sakamakon wannan a gajeren saƙon salula, wanda ake ce wa SMS. Saƙo ɗaya oktet 140 ne, watau bit 1120. In haruffan duk na jerin da aka tanadar wa saƙon ne, kowanne bit 7 yake ci. 1120 raba 7, harafi 160 ke nan. Cikin wannan jeri an sa é da è da à, amma ba a sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. Da zarar mutum ya sa ƙ guda ɗaya tak, sai salula ta koma ba kowane harafi na saƙon bit 16. 1120 raba 16, harafi 70. Saƙon da zai tafi sau ɗaya sai ya rabu biyu ko uku, kowane kashi kuma saƙo ne mai zaman kansa wajen biya.

Mutane da yawa sukan rubuta k a madadin ƙ a salula, wasu don ba su ga harafin a madannai ba, wasu don sauri. Amma 107 ba 409 ba ce. Kafa daban, ƙafa daban. Kasa daban, ƙasa daban. Wanda ya rubuta da yana nufin ɗa, ko bari yana nufin ɓari, ya bar mai karatu da aikin cinta.

Aiki

1. Mai saye ya zo ya ce tiya 22 yake so. Waɗanne buhuna yarinya za ta ba shi? A rubuta amsar da 0 da 1.

2. Da mai hatsi ya ƙara buhu na shida, tiya nawa zai zuba ciki? Har tiya nawa za a iya bayarwa ke nan?

3. Lambar kiran Nijeriya ta waya ita ce 234. A bi hanyar rabawa a rubuta ta da 0 da 1. Ta shiga oktet ɗaya?

4. A tara 1011 da 101, sa'an nan a gwada amsar da ƙidayar aji.

5. Harafin ɗ yana da lamba 599. Gida nawa yake bukata?

6. Ɗalibai biyar su tsaya gaban aji, su zama 16, 8, 4, 2, 1. Mai tsaye 1 ne, mai tsugune 0 ne. Sauran aji su riƙa ƙirgawa da ƙarfi daga sifiri zuwa 31, su kuwa suna tashi suna tsugunawa. Wane ne cikinsu zai riga gajiya, kuma don me?